Baƙon Alhaji Ya Rame

A zangon shanu na Fatakwal ba a ɗora sa a kan sikeli. Dillali zai zagaya shi, ya dafa tozo, ya bi haƙarƙari da tafin hannu, ya matsa gindin wutsiya, sannan ya faɗi abin da za a samu in an feɗe, kuma da wuya ya kuskure. Haka na tarar a Anacha, haka na tarar a Inugu lokacin da nake zaune a Obiagu ina bin mahautan Ogbete. Mutanenmu suna alfahari da wannan hannu nasu, har sukan yi amfani da shi a inda ba wurinsa ba.

Ni sana'ar fata da ƙirgi na yi, ita ce ta yi yawo da ni. Na zauna a Khartum, na yi shekaru a Jidda, na kuma daɗe a Karachi, inda na koyi Urdanci a bakin majema. Da ƙarfi ya ja baya sai na dawo Fatakwal wurin ɗana. Aikina ya koma zama a bencin ƙofar gidan wani abokina da kowa ke kira Alhaji, babban mahauci ne kuma mai saukar da baƙi. Mutum ne ƙato, in ya zauna benci sai ya yi ƙara. Ni kuwa siriri ne tun ƙuruciya, don haka ba ya rabuwa da tsokanata. Sarkin Yawo yake kirana, yana cewa na zaga duniya ban samu wanda ya ba ni abinci ba.

Sai an san al'adar masauki za a gane abin da ya faru. Duk bafataken da ya sauko da shanu daga Arewa yana da gidan da yake sauka. Mai gidan zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, ya ciyar da shi har ranar komawa. In baƙo ya koma garinsu da kumatu, ba sai ya buɗe baki ba, jikinsa ya riga ya yabi mai masaukinsa. In ya koma a rame, mutanen garinsu za su tambayi gidan wa ya sauka, su kiyaye. Gidan Alhaji ya yi suna ta wannan fuska. Hajiya, matarsa, ba ta sauke tukunya, shi kuma duk yankan da ya fi kitse gida yake aikawa da shi.

Wata rana da azahar wani baƙo ya shigo masallacin kwata. Fari ne, mai gashin baki, cikin doguwar riga da wando iri ɗaya, hannunsa duk baƙin mai. Wani kamfani ne ya kawo shi ya kula da injinan ɗakin sanyi da ake ajiye nama. Ba ya jin Hausa, Turancinsa ma na aiki ne kawai. Da na ga rigar na san daga inda ya fito, na gaishe shi da Urdanci. Ya riƙe hannuna bai saki ba har aka tada iƙama. Ɗan Pakistan ne, daga wani gari kusa da Lahore, ya bar mata da 'ya'ya mata uku a can. Mahauta suka sa masa suna Injiniya. Wasu suna ce masa Ba'indiye, yana gyara musu har ya gaji ya bari.

Bayan salla na gabatar da shi ga Alhaji. Alhaji ya karɓi gaisuwa, amma hannunsa bai tsaya a tafi ba. Ya haura ya kama damtsen mutumin ya matsa, ya dafa kafaɗa, ya ɗan ja baya ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Sarkin Yawo, wannan ɗan'uwanka ne? Wallahi ko romo ba zai yi ba. Tambaye shi, a ina yake cin abinci?"

Na tambaya. Biredi da shayi, in ji shi, wani lokaci taliya, don yana shakkar naman gidajen abincin da ke kusa da masaukinsa.

"Subhanallahi! Musulmi a garin da nake yanka? Faɗa masa akwai ɗaki."

Cikin makon ya tare a gidan Alhaji. Daga nan aka shiga kiwo, don ba ni da wata kalma da ta fi wannan dacewa. Da safe masa ce tana ninƙaya a mai, da shayi mai kauri da madarar gwangwani da sukari. Da rana a aika masa shinkafa da farfesun kayan ciki har wurin aiki. Da yamma tuwon shinkafa da man shanu, ga balangun tozo a takarda, ga lemon kwalba. Alhaji da kansa yake zaɓo yankan da kitse ya fi yawa ya tura gabansa. Injiniya kuwa ba ya iya ƙi, don a ƙasarsu ma haka abin yake. Na ci abinci a gidaje da yawa a Karachi, na san yadda uwar gida ke tsayawa bayan labule tana aiko da gurasa mai man shanu har sai baƙo ya roƙi arziki. Wanda ya tashi a irin wannan gida bai san yadda ake ture kwano ba. Larabawan Jidda su ma suna cika faranti, sai dai su in ka ɗaga hannu sun ƙyale ka. Mu da mutanen Pakistan ba ma ƙyalewa.

Abin da ya ba Alhaji mamaki shi ne, damina ta wuce, wata ta zagayo, amma damtsen nan yana nan yadda yake. Ƙafafu sirara, wuya siriri. Ciki ne kawai ya ɗan turo rigar. Alhaji yakan shafa shi ya ce, "Alhamdu lillahi, ya fara kamawa. Daga nan yake farawa, sauran jiki na tafe." Mahauta suna yaba masa. Ni ma ina dariya tare da su, don a idona mutumin har yanzu siriri ne.

Sai ya fara yawan shan ruwa. Alwalarsa ba ta kaiwa daga azahar zuwa la'asar. Wata safiya ya same ni a benci kafin Alhaji ya fito, ya ce lambobin da ke jikin injin sun fara yi masa dishi-dishi. Ya yi shiru, sannan ya ce haka mahaifinsa ya fara, kuma ciwon sukari sai da ya ci masa ƙafa ɗaya kafin ya rasu. Ya ce shi kaɗai ne yake aika wa yaran nan abin da suke ci, in ido ya tafi aiki ya tafi. Yana so in raka shi asibiti in yi masa tafinta.

Alhaji ya ji, ya ce ba a kai baƙonsa asibiti yana zaune. Muka shiga keke mu uku ana yayyafi, shi ya cinye kujerar baya, mu biyu muka maƙale a gefe.

Likitar wata 'yar Ibo ce, dattijuwa, mai tabarau a rataye a wuya. Ta sa aka ɗebi jini, ta ɗora Injiniya a sikeli, ta auna tsawonsa a jikin bango, sannan ta ɗauko igiyar awo irin ta teloli ta zagaya masa ciki daidai cibiya. Ita tana Turanci, ni ina juya wa Injiniya da Urdanci, in juya wa Alhaji da Hausa. Ban taɓa gajiya da tafinta kamar ranar ba.

Ta ce sukari ya hau, kuma dole ya rage nauyi.

Da na faɗa wa Alhaji sai ya yi dariya har ya dafa tebur. "Ya rage me? Ce mata ta sa tabaran nan ta sake dubawa. A ina za a rage? Ni da nake neman inda zan ƙara!"

Likitar ba ta ji haushi ba. Ta ce akwai lissafin da suke yi. Ana ɗaukar tsawon mutum a mita a ninka shi da kansa, sai a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Lambar da ta fito ita ke nuna ko nauyin ya dace da tsawon. Ta Injiniya ta haura ashirin da huɗu da kaɗan. Ta ce iyakar da aka saba koyarwa ita ce daga sha takwas da rabi zuwa ƙasa da ashirin da biyar, kuma in da ita za a bi, da an sallame shi an ce lafiyarsa lau. Amma mutanen Pakistan da Indiya da Bangaladash da maƙwabtansu an saukar musu da iyakar zuwa ashirin da uku, saboda ciwon sukari da na zuciya suna kama su tun nauyinsu bai kai na wasu ba. Ta ɗaga igiyar awon ta ce wannan ma ta fi sikeli faɗin gaskiya. Zagayen ciki bai kamata ya kai rabin tsawon mutum ba, nasa kuwa ya wuce.

Ina fassarawa ina tuna majeman Karachi. Da yawansu haka suke, hannu kamar sanda, ga ɗan tumbi a ƙarƙashin riga, ga ƙwayar magani a aljihu ana haɗiya kafin cin abinci. Na gan su shekara da shekaru, na ɗauka kawai siffarsu ce.

Alhaji ya ce, "To ni fa? Na yi biyunsa, ga ni garau."

Likitar ta nuna masa sikeli da hannu. Ta ce wasu likitoci suna ganin mu baƙar fata ma bai kamata mu jira ashirin da biyar ba, tun da ya zo sai ya hau a gani.

"Ni? Ce mata ko san da zan yanka ba na ɗora shi a kan wannan abu, balle kaina."

Ta yi murmushi ta koma kan Injiniya. Ta ce jikin mutane bai zama ɗaya ba wajen ajiye kitse. Wani nasa a ƙarƙashin fata yake taruwa, a cinya da damtse, kowa ya gani. Wani kuwa jikinsa can ciki yake kai shi, ya lulluɓe hanji da hanta, daga waje ba a ganin komai, kuma wannan na cikin shi ne mai ɓarna. Ina cikin laluben yadda zan sa wannan a Hausa sai na ga Alhaji ya daina dariya.

"Tsaya. Akuya ke nan take nufi?"

Na ce ban gane ba.

"Kai da ka ƙare rayuwarka a fata ba ka taɓa leƙa ciki ba. Rago in ya yi ƙiba a bayansa za ka ji, hannunka zai nutse. Akuya kuwa sai ka taɓa ka ji ƙashi, ka ce ba ta ci ba. Ka buɗe ciki ka tarar ƙoda ta ɓace a cikin kitse." Ya juya ya dubi Injiniya, ya daɗe yana dubansa. "Ashe akuya aka ba ni nake ta yi mata kiwon rago."

Na fassara wa likitar, ta ce ita ba ta san cikin akuya ba, amma maganar ta yi daidai. Injiniya ban fassara masa ba sai da muka fito. Ya yi dariya, ya ce a garinsu ma akuya ta fi rago tsada.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Ashe abin da mutum ya gane a ɗakin likita daban, abin da hannunsa ya saba daban. Washegari masa ta fito yadda ta saba, da yamma tozo ya zo a takardarsa. Injiniya ya riƙa tsakura yana turewa. Kwanuka suna komawa cikin gida da abinci, har Hajiya ta aiko a tambaya ko wani abu ta yi wa baƙo. Alhaji ya daina zama cin abinci tare da shi. Suna gaisawa a masallaci, amma gaisuwar ta gajarce. Bayan 'yan makonni Injiniya ya roƙe ni in nema masa ɗaki a wani wuri. Ya ce ba zai iya ci ba, kuma ba zai iya ci gaba da mayar wa mutumin kirki kwano ba.

Na sami Alhaji bayan la'asar yana wasa wuƙa a dutse. Na faɗa masa. Bai ɗago ba.

"Na ji abin da matar nan ta ce, Sarkin Yawo, ba kurma ba ne ni. Amma ka san abin da za a ce? Mutumin nan kowa ya san a gidana yake. Fari ne, ba ya ɓoyuwa. In ya fi haka ramewa, fataken da ke sauka a nan su gan shi, wane labari za su kai Arewa? Su ce an yi lissafi da mita? Cewa za su yi Alhaji ya tsufa, hannunsa ya ƙanƙance."

Na ce in ya tashi daga gidan ma za a yi magana.

"Za a yi. Amma a ce baƙo ya tashi ya fi sauƙi a kan a ce ga shi nan yana bushewa a ƙofata."

Ban da wata hujja da zan ba shi wadda bai sani ba. Na ce masa kawai ni na ga ƙafar da ciwon nan ya ci, a Khartum, ta wani abokin cinikina, kuma ba na son in sake gani. Na ce yaran nan uku ba su san Fatakwal ba, ba su san sunan kowa a zango ba, ubansu kawai suka sani. Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Na tashi na tafi gida ban san inda maganar ta faɗa ba.

Ban ji abin da ya gaya wa Hajiya ba. Na dai ga kwanon Injiniya ya canza. Wake ya shigo, da kifi, da miyar ganyen ugu da Hajiya ta koya wurin maƙwabciyarta 'yar Kalaba, da ɗan tuwon dawa wanda bai kai dunƙulen hannu ba. Nama kuwa tsoka zalla, Alhaji da kansa yake zama ya bi ta da wuƙa ya cire duk wani fari. Yana yi yana tsaki, yana cewa tun da ya fara fawa bai taɓa wulaƙanta nama haka ba. Shayi babu sukari. Injiniya ya bar hawa okada, yana tafiya wurin aiki da ƙafa ya dawo da ƙafa, yana shan maganin da aka ba shi. Ba a sake maganar neman ɗaki ba.

Cikin ya sauka, ganinsa ya washe, likitar ta ce sukari yana komawa inda ake so. Amma fuskarsa ta faɗa, rigar ta yi masa yawa, kuma abin da Alhaji ya ji tsoro ya zo. Na fara jin maganar a wurin mai shayi, daga baya na ji ta a bakin direbobin tirela. Baƙon Alhaji ya rame. Wani ya ce ciniki ne ya ja baya, wani ya ce Hajiya ce ba ta da lafiya. Wasu fatake biyu da suka daɗe suna sauka a gidan suka sauka a wani gida a zuwansu na gaba, ba su faɗi dalili ba. Alhaji ya gan su a zango ya gaishe su, bai tambaya ba.

Na sha tunanin wannan abu. A yawon da na yi na ga ana auna mutum da abubuwa iri-iri, kuma kowace ƙasa tana ganin nata awon shi ne na duniya. Turawan da suka fitar da lissafin nan jikinsu suka duba, sai daga baya aka lura bai zauna daidai a jikin kowa ba. Mu kuma da muke rayuwa da yunwa a bayan ƙofa, kakanninmu sun ga shekarun da rumbu ya ƙare kafin kaka, ƙiba ta zame mana shaidar cewa an tsira. Wanda ya ce wa Alhaji ya ciyar da baƙo kaɗan, kamar ya ce masa ya yi rowa ne da sunan ƙauna. Ban ga laifinsa ba da abin ya yi masa nauyi.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan wani dillali, aka yanka raguna, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa saboda hadari. Baƙi sun zo har daga Inugu da Anacha. A cikinsu akwai wani mai saukar da baƙi na Anacha, sa'an Alhaji ne, sun daɗe suna ja-in-ja a kan fatake, mutum mai baki. Muna zaune a faranti ɗaya, ni da Alhaji da Injiniya da shi da wasu. Ya dubi Injiniya, ya dubi Alhaji, ya ɗaga murya yadda na tabarmar gaba za su ji.

"Alhaji, wannan ne baƙon naka da ake faɗa? Innalillahi. Azumi kake sa shi, ko kuwa haya yake biya da jikinsa?"

Aka yi dariya. Ya laluba cikin farantin ya zaƙulo wani yanki mai kitse yana ɗiga, ya ajiye gaban Injiniya.

"Ci, bawan Allah. Malam, faɗa masa da yarensu, in abin ya gagara a nan ya taho Anacha, mu ba ma ƙirga loma."

Injiniya bai ji kalmomin ba, amma ya ga naman, ya ga idanun da ke kansa. Na ga hannunsa ya ɗaga. Na san zai ci, don ya rufa wa mai gidansa asiri a gaban mutane.

Alhaji ya riga shi. Ya miƙa hannu ya ɗauke yankan, ya mayar gaban mutumin Anacha.

"Kai ka ci, bayanka zai ɗauka. Wannan baƙona ne, kuma ni na hana shi. Ba ciniki ba ne ya faɗi, ba Hajiya ba ce, ni ne. Duk wanda zai kai labari Arewa ya kai shi daidai, ya ce Alhaji ya ga kitse a gaban baƙonsa ya ɗauke."

Wurin ya ɗan yi tsit, sannan wani ya ce, "To, Allah Ya kyauta," aka koma cin abinci. Mutumin Anacha ya cinye naman yana girgiza kai, yana cewa Fatakwal ta lalace. Na san labarin zai tafi, kuma ba lallai ya tafi daidai ba.

Injiniya ya matso kusa da ni ya tambaya da Urdanci me aka ce. Na fara faɗa masa ke nan sai Alhaji ya zungure ni da gwiwar hannu. Ya riga ya ware wata tsoka, ya bi ta da farce ya ɓare ɗan farin da ke gefenta.

"Bar dogon bayani, Sarkin Yawo. Ce masa ya cinye wannan tas, kada ya rage ko kaɗan. Kunyar da na sha yau ta isa."